Ranar da Muka Bi Sawun Ƙauyenmu a Titunan Fagge

Shekaru sun ja, ido ya yi rauni, kuma abubuwa da yawa da na ɗauka sun zauna daram a raina sun fice ba sallama. Amma akwai wata safiyar Lahadi a tsakiyar damina, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, wadda ba za ta bar ni ba har ranar da za a kai ni makwancina. A safiyar nan ce muka zagaya ƙauyenmu kaf, daga mashaya har gurbin kogi, alhali ƙafarmu ba ta fita daga Fagge da Sabon Gari ba.

Wajibi ne in fara da bayanin ƙauyen. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogi, kudu da Zariya. Mai zuwa can yakan sauka daga jirgin ƙasa ya ƙarasa a kan jaki, idan kuwa damina ta kankama hanyar ba ta biyuwa sam. Rabinmu masunta ne, rabinmu manoman fadama. Muna da masallaci, muna da ɗan coci mai rufin ciyawa, kuma a mashaya ɗaya muke ɗiban ruwa. A wurin hukuma garinmu suna ne kawai da ake kira lokacin haraji. Amma muna da tarihi, muna kuma da hanyarmu ta adana shi, wadda muke kira bin sawu. Kowace kaka, bayan ruwa ya janye, dattijo ɗaya da ake ce wa mai sawu yakan fito da sassafe ba takalmi, jama'a suna biye da shi, ya riƙa tsayawa a kowane wuri mai tarihi yana faɗin abin da ya faru a nan. Ba a faɗin wannan tarihi a zaune, ba a faɗinsa a ƙarƙashin rufi, ba a faɗinsa sai mai faɗin yana tsaye a kan wurin da abin ya auku. Gadon kuma ba ya bin ɗa. Daga kawu yake sauka a kan ɗan 'yar'uwarsa.

Mai sawu a zamanin nan kawuna ne, wan mahaifiyata, kuma a cikin 'ya'yan 'yan'uwansa mata ni kaɗai ne namijin da ya rage. An kai ni makaranta a Zariya tun ina ƙarami, daga can na zo Kano na zama akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa. Na bi sawu a ƙuruciya, amma irin bin yara, waɗanda hankalinsu yake kan gasasshen kifin da za a raba a ƙarshe. Da na girma na san nauyin da ke jirana, kowace shekara sai in nemi hutu in tafi gida, kowace shekara sai a hana ni, domin lokacin bin sawu shi ne lokacin cinikin gyaɗa. Na taɓa yi wa babban akawunmu bayani a tsanake, ya dube ni ya ce kamfani ba ya rufe sikeli saboda tatsuniya. Har yau idan na tuna kalmar nan sai in ji raina ya ɓaci. Mutumin da bai san sunan kakan kakansa ba shi ne yake kiran tarihin mutane tatsuniya.

Ana cikin haka, a farkon wata damina, aka kawo Kawu Kano saboda ciwon ido. 'Yarsa ce ta je ta ɗauko shi, taubashiyata, wadda take aure a Sabon Gari tana sayar da busasshen kifi. Aka sauke shi a wurina a Fagge, a gidan hayar wata Bayarabiya mai cinikin goro da muke kira Iya. Likita ya duba shi, ya kira mu gefe ya ce ido ya riga ya tafi, kuma ba idon ne abin damuwa ba. Zuciyarsa ta gaji, shi ya sa ƙafafunsa suke kumbura. Ya ce kada mu kuskura mu ɗora shi a kan doguwar hanya, ya kuma ce, cikin ladabi, kada mu sa rai da kaka.

Daga ranar na rasa sukuni. Duk abin da garinmu ya sani game da kansa yana cikin ƙirjin tsohon nan da ke kwance a kan tabarmata, kuma ƙirjin yana gab da tsayawa. Wata rana bayan la'asar na durƙusa a gabansa na roƙe shi ya faɗa mini, ko kaɗan-kaɗan ne, in riƙa rubutawa.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce, "Ɗan boko, mene ne a bisa kaina?"

Na ce, "Rufi ne, Kawu."

"Ni kuma a tsaye nake?"

Na ce, "A kwance kake."

Ya ce, "To, ka amsa wa kanka. Ba ni ruwa in sha."

Na yi ta maimaita roƙon nan har na fara ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce masa waɗanda suka kafa dokar ba su kafa ta don tarihin ya mutu ba. Ya ce shi ma ya sani, amma ba shi ya kafa ta ba, don haka ba shi zai rushe ta ba. Na fita ƙofar gida ina huci, ina jin haushin dokar, da haushin dattawan da suka bar dukiyar gari guda a bakin mutum ɗaya.

A nan taubashiyata ta same ni, ta sauke kwandonta ta ce, "Bawana, wa ya taɓa mini kai?" Haka take kirana tun muna yara, kamar yadda taubasai suke yi. Da na gaya mata, sai ta matso ta rage murya. Ta ce, "Kai dai karatu ya cinye maka wayo. Baba ba ya gani. Mu sa shi a jirgi mu sauka a tasha ta gaba, mu kai shi bakin wani rafi mu ce an iso gida. Ina zai sani?"

Na ce, "Ba zan yaudari makaho ba, balle kawuna. Kuma mutumin da ya yi shekarunsa duka a bakin kogin nan, ko da hanci ma zai gane."

Ta ce, "To sai ka zauna da gaskiyarka, ka ga ko za ta ba ka labari."

Maganarta ta yi mini zafi, amma ta bar mini wani tunani. Washegari na shiga wurin Kawu na faɗa masa duk abin da ta ce, ban ɓoye komai ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce lallai wannan 'yar uwarta ce. Sai na ce, "Kawu, idan ba yaudara ba ce fa? Idan da saninka muka ari wurare a garin nan, mu ce yau wannan ce mashaya, wannan ce kuka?"

Ya ɗago kansa daga tabarma ya juyo wajena. Can sai ya ce, "Akwai ruwa mai tafiya a garin nan?"

Na ce, "Akwai Jakara."

"Tana tafiya?"

"Yanzu da damina tana tafiya sosai."

Ya ce, "Idan ruwa yana tafiya, yana iya kai saƙo. Amma ka ji sharaɗina. Ba takarda, ba alƙalami. Ba takalmi. Kuma duk wanda aka yanke wa cibiya a garinmu, in dai yana Kano, sai ya zo, na masallaci da na coci. Ban taɓa bin sawu da rabin gari ba."

Mako guda muka yi muna bin gidaje. Ban san muna da yawa haka a Kano ba. Akwai leburorin tasha, akwai mai gyaran keke a Rijiyar Lemo, akwai matan aure da suka yi shekaru ba su ga gida ba. Akwai kuma wani dattijo malamin makaranta a Sabon Gari, Kirista, sa'an Kawu, wanda ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa fashin coci ran Lahadi ba, amma wannan karon zai je ya nemi gafara daga baya.

Ranar Lahadi bayan asuba muka taru a ƙofar gidan Iya. An yi ruwa da dare, ƙasa ta yi taɓo. Iya ta fito ta ga mutane masu manyan riguna suna tuɓe takalma suna jerawa a zaurenta, ta riƙe baki ta ce, "Akawu, me ya same ku? Mutuwa aka yi?" Na ce ba a yi ba tukuna, gida za mu. Ba ta gane ba, amma ta ɗaure wa Kawu goro a gefen rigarsa ta ce Allah ya kai mu lafiya. Muka ɗora shi a kan keke, ni da mai gyaran keken muna turawa, taubashiyata tana tallafe da bayansa.

Da muka isa bakin Jakara aka sauko da shi, ya tsaya da ƙafafunsa a cikin ruwa. Ya ja numfashi ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan kogin naku ba shi da lafiya." Aka fashe da dariya. Sai ya ɗaga hannu, dariyar ta yanke, ya buɗe baki da wata murya da ban ji ba tun ina yaro, murya mai ƙarfi wadda ba ta yi kama da jikin da take fitowa daga ciki ba. Ya ce, "Nan ne mashaya." Ya faɗi yadda wata mata mai tsohon ciki ta gudo daga yaƙi tare da wanta, suka ƙetare kogi yana cike, suna rungume da gora ɗaya. Mijinta ya tsaya a wancan ƙetare yana tare musu abokan gaba, ba a sake ganinsa ba. A bakin gaɓa ta haihu, kuma wan nata ne ya reni yaron, shi ya nuna masa inda aka fito da inda aka sauka. A ranar na san dalilin da ya sa gadonmu yake bin ɗan 'yar'uwa. Na yi shekaru ina ɗauke da dokar ban san tushenta ba.

Daga nan muka nufi wata tsohuwar kuka kusa da inda Buzaye suke ɗaure raƙumansu. Kawu ya shafa jikinta yana neman wani abu, sannan ya ce, "Ba ta da turaku, amma ta isa." Kukar garinmu tana da turaku da aka kafa a jikinta, waɗanda mai gadi yake takawa ya hau ya hango mahara. Ya ba da labarin shekarar da aka hango su, gari duka ya shiga cikin ciyawar fadama ya kwanta. Wata tsohuwa mai fama da tari ta ƙi bin su, ta ce tarinta zai tona asirin jikokinta, ta zauna ita kaɗai a gindin kukar. A nan aka same ta, a nan aka binne ta, shi ya sa ba a tsinkar ganyen kukar nan don miya. Matan da ke cikinmu suka fara sharar hawaye. Buzayen suka miƙe tsaye suna kallonmu, ɗayansu ya kawo wa Kawu buzun fata don ya huta. Kawu ya yi godiya ya ce ba a zama.

Jikin wani dogon sito a wajen Kantin Kwari muka mai da ganuwa. Ganuwar garinmu gajeriya ce, kuma ta fuskar kogi kaɗai aka yi ta, domin ba don yaƙi aka gina ta ba, don dorina ce da take fitowa ta tattake gonaki. Garuruwan maƙwabta har yau suna yi mana ba'a da ita. Malamin makarantar nan ya matso ya ce, "Mai sawu, ka tsallake wurin da muka faɗo daga kanta muna satar mangwaro."

Kawu ya ce, "Wannan ba tarihi ba ne, abin kunya ne. Kuma kai ka faɗo, ni dirowa na yi."

Suka riƙe hannun juna suna dariya, tsofaffi biyu ba takalmi a gefen titi, masu wucewa suna ratse mu suna waiwaye. Wani mai amalanke ya yi mana ihu mu ba shi hanya, ya ce ko mahaukata aka sako. Muka matsa masa ya wuce.

Hantsi ya ɗaga lokacin da muka iso dalar gyaɗa ta wajen tasha. Ita muka ara a matsayin dutsen tsakiyar kogi, wanda idan ruwa ya rufe kansa ake daina fito. Mai gadi ya taso da sandarsa, da ya gane ni sai ya koma. Kawu ya dafa buhunan da tafin hannunsa, ya faɗi labarin babbar ambaliyar da ta cinye unguwar manoma, yadda masunta suka kwashe su a kwalekwale suka jibge a kan dutsen har ruwa ya sauka. Tun daga lokacin kwandon farko na shinkafa na masunta ne, kamun farko na kifi kuma na manoma. A nan na lura muryarsa ta fara karyewa. Yana faɗin sunaye yana tsayawa neman numfashi, gumi yana zuba daga goshinsa. Taubashiyata ta kama hannuna ta ce, "Ya isa haka. Zai faɗi." Wannan karon ba ta kira ni bawa ba.

Kawu ya ji ta. Ya ce, "Saura gurbi. Ku nemo mini ruwa mai zurfi."

Gurbi wani wuri ne a ƙarshen gari inda kogi yake lanƙwasa ya yi zurfi, kifi ya yi yawa, amma ba a jefa taru a cikinsa, kuma ba wanda ya san dalili sai mai sawu. Abin da muka samu a madadinsa kududdufi ne a bayan gidajen Fagge, irin ramin da aka haƙi ƙasar gini ruwan sama ya cika shi. Ruwan kore ne, shara tana yawo a kansa. Aka sauko da Kawu, ya ce kowa ya ja da baya. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ɗan 'yar'uwata, zo." Bai taɓa kirana haka a gaban mutane ba.

Ya ce wannan ba a faɗinsa a tudu, kuma ba a faɗa wa taro. A cikin ruwa ake faɗinsa, ruwa har ƙirji, daga baki zuwa kunne ɗaya. A gida, bayan an watse ake yinsa, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Na dubi ruwan, na dubi kumburarrun ƙafafunsa, na tuna abin da likita ya ce. Na ce, "Kawu, sanyin ruwan nan zai iya kashe ka."

Ya ce, "Na sani. Za ka shiga ko ba za ka shiga ba? Ba ni da numfashin da zan yi gardama da kai."

Na waiwaya wajen 'yarsa, domin ita ce take da ikon hanawa. Tana kuka, ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ta daɗe tana kallon mahaifinta, sannan ta gyaɗa mini kai. Muka shiga, yana rataye a kafaɗata, taɓo yana kama mana ƙafa, har ruwa ya kawo ƙirji. Jikinsa yana rawa. Ya jawo kaina ya sa bakinsa a kunnena ya faɗa mini, ya sa na maimaita, ya gyara mini wuri ɗaya, na sake maimaitawa. Maganar ba ta da tsawo. Da ya gama sai na ji nauyinsa ya ƙaru a kaina, kamar wanda ya sauke kaya ya saki jiki. Ya ce, "Mai da ni tudu, mai sawu."

Zazzaɓi ya kama shi a ranar, bai sake fita ƙofar gida ba. Ya rasu kafin damina ta ƙare, aka binne shi a Kano, nesa da kogin da ya yi wa hidima. A 'yan kwanakin da suka rage masa ya fi kowa fara'a a gidan. Yakan sa a kira masa malamin makarantar su yi ta musu a kan wane ne ya fi iya iyo suna samari. Taubashiyata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa.

A kakar shekarar na ajiye aikin kamfani na tafi gida, na tsaya a ainihin mashaya na ce, "Nan ne mashaya." Na yi shekaru ina bin sawu. Daga baya aka fitar da titin mota nesa da kogi, mutane suka riƙa tashi suna komawa bakin titi, gida bayan gida, har tsohon garin ya zama kufai. Kukar ta faɗi. Ganuwar ta narke ta koma gona. Dutsen yana nan, gurbin yana nan, kuma idan na rufe idona ina jin ƙarar ruwa a lanƙwasar nan fiye da yadda nake jin motocin da ke wucewa ta ƙofar gidana.

Abin da na rubuta a nan kan magana ne kawai. Sunaye da jerin zuriya da ainihin lafazin ban sa su ba, domin a zaune nake kuma akwai rufi a bisa kaina. Maganar gurbi kuwa tana inda aka zuba ta. Ni da na yi rayuwata ina rubuta nauyin kowane buhu da ya bi ta hannuna, abu mafi nauyi da aka taɓa ba ni ban rubuta shi ba, ba kuma zan rubuta ba. 'Ya'yan ƙannena mata a birane aka haife su, yawancinsu ba su taɓa ganin kogin ba, kuma har yanzu ba wanda ya zo ya tuɓe takalmi.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, idan wuri ya yi nisa ko ya ɓace, ana iya aronsa. Mun ari kogi, mun ari kuka, mun ari dutse, kuma tarihi ya yarda ya fito. Abin da ba a iya ara shi ne mutumin da zai shiga ruwan ya ba da kunnensa. Wanda duk yake da tsoho a gida mai riƙe da irin wannan kaya, ya je yanzu, tun tsohon yana iya tsayuwa. Ni dai har yanzu ina iya tsayuwa.